Ranar 25 ga Wata

A gidanmu ba sai an duba kalanda ba. Duk ranar da Baba ya shigo da ledar nama ya ce wa Umma a sa albasa da yawa, to 25 ga wata ta yi. Shekara 23 ke nan yana aiki a gidan waya, yana tantance wasiƙu da ƙunshin kaya, kuma duk lissafinmu a kan wannan rana yake: bashin mai shago, zubin adashen Umma na ranar 27, kuɗin wuta, da kuɗin makarantata.

Bara aka fito da sabon tsari, wai albashi sai makon farko na sabon wata. Ko sisi ba a rage ba. Ƙungiyar ma'aikata ta ce ba ta yarda ba, tunda ba a zauna da ita ba, har ta fara maganar yajin aiki. Ni kuwa dariya na yi, na ce, "Haba Baba, kwana goma ne fa kawai." Ya dube ni ya ce, "Mamana, mai ajiya ne yake cewa kawai."

Ban gane ba sai da aka sa ranar rufe rajistarmu ta ND II, 30 ga wata. Mai shago ya ce sai an biya na baya, uwar adashe ta aiko sau biyu. Ƙarshe dai akuyar Umma aka kai kasuwa, mai ciki ce ma, aka sayar yadda mai saye ya ga dama. Ranar 6 albashi ya shigo cif, amma akuya ta riga ta tafi.

Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, kowa maganar nawa yake yi. Ban ji wanda ya yi maganar yaushe ba. Alhali talaka da rana yake cin bashi, da rana yake alkawari, kuma idan ranar ta goce, mutuncinsa ne yake zubewa a gaban mai shago.

Da, in malamanmu sun tafi yajin aiki, ina cikin masu cewa son kuɗi ne. Yanzu wallahi nakan tsaya in ji me aka taɓa musu tukuna.

Har yau ƙungiyar su Baba tana kan tattaunawa. Umma kuma ta roƙi uwar adashe ta mayar da zubinta ranar 8.