Baƙar Tagar da Ta Ƙi Tsayawa

Mu uku ne, 'yan aji biyar na sakandare, dukkanmu daga Fagge. A dogon hutun da ya wuce muka shiga wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a saman bene kusa da Bata, inda ƙarar janareto da hon ɗin 'yan adaidaita sahu ba sa ƙarewa. Ɗayanmu da sharaɗi ya zo: mahaifinsa ya ce in wata ya cika bai ga abin da ya koya ba, zai koma tsaron shago a kasuwar Sabon Gari.

A mako na uku muka rubuta manhajarmu ta farko da harshen C++. Aikinta kaɗan ne: ka ba ta makin darussa uku, ta fitar maka da matsakaicinsu. Muka latsa fayil ɗin sau biyu, baƙar taga ta buɗe. Muka shigar da 60 da 75 da 81, muka danna Enter. Sai ɓat! Taga ta ɓace, ba mu ga amsa ba.

Sau biyar muna sakewa. Muka zargi kwamfutar, muka zargi juna. Abokinmu mai sharaɗi ya yi jugum, don ranar Asabar mahaifinsa zai zo.

Malam ya leƙo ya ce, "Samari, ba ta lalace ba, gama aikinta ta yi." Ya bayyana mana cewa Windows ta buɗe tagar ne don manhajar kaɗai, da zarar an kai layin ƙarshe sai ta rufe ta. An rubuta amsar, idonmu ne bai cim mata ba. Ba mu ce mata ta jira ba, shi ya sa ba ta jira ba.

Ya sa muka ƙara system("pause"). Kafin layin ƙarshe. Nan take 72 ta fito ta tsaya, da saƙon Turanci a ƙasanta mai cewa a danna kowane maɓalli don ci gaba. Muna cikin murna ya ce kayan aro ba ya rufe katara: wannan umarnin na Windows ne muka aro, a kan Linux ba zai yi aiki ba. Gara cin.get(), wanda ke jiran a danna Enter a ko'ina.

Muka canza, taga ta sake ɓacewa! A nan muka fi shan wuya. Ashe lokacin da muka rubuta 81 muka danna Enter, manhajar ta ɗauki lambar ta bar Enter ɗin yana jira a layi. Da cin.get() ya zo, sai ya tarar da shi, ya ɗauka mun riga mun danna. Maganin shi ne a sa cin.ignore() a gabansa, ya share wancan ragowar. Masu koyon Python kuwa, input() a layin ƙarshe ya wadatar. Haka kuma in ka fara buɗe tagar cmd da kanka ka kira manhajar daga ciki, ba za ta rufe ba ko da babu ɗaya daga waɗannan.

Ranar Asabar dattijon ya hau benen. Da yatsa ɗaya ya shigar da lambobinsa, amsa ta fito ta tsaya. Ya ciro biro ya yi lissafin a bayan wani rasit, ya gyaɗa kai.

"To, yanzu me take jira?"

"Ku take jira, Baba."

Ya danna Enter, taga ta rufe. Mu uku muka ƙarasa hutun a cibiyar.