Cok ɗin babur ɗin Baba

Wannan makon labarin wata asuba zan ba ku.

Mahaifina yana da tsohon Jincheng da ya girmi ƙanena. Da shi yake kai busasshen kifi kasuwar Wara daga ƙauyenmu da ke bakin tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski. Kullum in sanyi ya shigo, kafin ya buga kik sai na ga ya sunkuya ya taɓa wani ɗan ƙarfe a jikin kafireto. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Da na dawo daga Birnin Kebbi da difloma, sai tambayar ma ta zama abin kunya a wurina.

A hunturun bara, asmarsa ta tashi kafin kiran sallah. Ba mai kai shi asibiti sai ni. Hazo ya rufe ruwa, iska tana kaɗawa har cikin ƙashi. Na fito da babur, na murɗe totur, na yi ta buga kik. Shiru, sai warin fetur. Inna tana riƙe da cocila, hannunta na rawa.

Baba yana zaune kan benci cikin bargo, numfashi da ƙyar. Ya yafito ni.

"Ka cika shi da mai, yaro. Cire fulogi ka goge."

Na cire, ga shi jiƙe sharkaf. Na goge da bakin rigata, na mayar.

"Ja cok. Kada ka taɓa totur."

Bugu biyu ya tashi. Zan hau, ya ɗaga hannu: "Bari ya ji ɗumi, sannan ka mayar da cok."

Minti biyun nan sun fi mini shekara tsawo. Amma mun isa Wara, aka kuma samu kansa, alhamdulillahi.

Bayan an sallame shi na ajiye girman kai na tambaye shi. Ya ce in inji ya yi sanyi, fetur ba ya tashi ya gauraya da iska yadda ya kamata, sai ya lafe a hanya. Cok yana rage iskar da ke shiga kafireto don mai ya rinjaya, wuta ta kama. Da inji ya yi ɗumi sai a mayar. Wanda ya manta ya tafi da shi a jaye, babur zai zuƙe masa mai, salansa ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin ya daina ba da wuta.

Shekara ashirin ina kallon hannun nan yana taɓa ƙarfen, amsar tana cikin gidanmu, saura ƙiris in rasa mai ita. Yanzu da yamma nakan zauna kusa da shi da littafi da biro. Jiya yadda ake gane wurin da kifi ke kwana ya koya mini.

Ku fa, wace tambaya ce har yau ba ku yi wa na gida ba?