Yini guda cikin kwazazzabon Zambezi

Mutumin ƙasarmu ya san ruwa da haƙuri. Gulbin Maraɗi sai damina yake zuwa, ya yi ƴan watanninsa ya koma rairayi. Kogin Isa kuwa, in ka tsaya bisa gadar Kenedi a Yamai da bazara, sai ka rantse barci yake yi. Shi ya sa da wuya mai karatu ya gaskata cewa akwai inda mutane ke biyan kuɗi domin a jefa su cikin ruwan da ke gudu kamar doki ya tsinke linzami. Akwai shi, a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, kuma can na kai kaina a hutun shekara, wanda mu ma'aikata muke ce wa konje.

Zambezi shi ne kogi na huɗu a tsawo cikin Afirka, bayan Nilu da Kwango da namu. A kusa da garin Libinston yakan faɗa gaba ɗayansa cikin wata tsaga ta baƙin dutse, faɗinta metir 1.700 da ƴan kai, zurfinta ya kai metir 108. Mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Bature Dauda Libinston ya gan ta a shekara ta 1855, ya sa mata sunan sarauniyarsu Biktoriya, sai ka ce kafin zuwansa ba ta da suna. Ƙasa da wannan mafaɗar ruwa, duk kogin nan mai faɗi sai ya matse cikin wani kwazazzabo mai suna Batoka. Ruwan da ya rasa hanya kuwa dole ya yi fushi. Tun shekara ta 1981 aka fara ɗaukar baƙi cikin jiragen roba masu iska ana ratsa wurin da su.

Kuɗin yini guda ya haura dalar Amurka 100, wato sama da jika 50 na sefa. Da sassafe aka tara mu, aka ba kowa hular kwano, da rigar da ke hana nutsewa, da filafili guda. Sa'annan matuƙinmu, wani saurayi ɗan ƙasar, ya yi mana bayani ba da wasa ba. In an ce a tuƙa, a tuƙa tare. In an ce a kwanta, kowa ya durƙusa cikin jirgi ya kama igiyar gefe. Wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada ya nemi taka ƙasa, domin ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne mai ita. Masu wannan sana'a sun kasa gangarar ruwa daraja shida. Ta shida ba a shigar da baƙi cikinta. Na Zambezi da yawa suna daraja ta huɗu da ta biyar.

Mun sauka da ƙafa har gindin kwazazzabon, ƙarƙashin gadar ƙarfe da aka gama a 1905, wadda take rataye fiye da metir 100 bisa kawunanmu. Daga nan sararin sama ya zama ɗan ƙyalle. Mu takwas ne cikin jirgin, har da matuƙi, ga wasu samari biyu cikin ƙananan jirage na mutum guda suna biye da mu, aikinsu tsamo wanda ya faɗi.

Kowace gangara tana da lamba, tana kuma da laƙabi na ban tsoro da matuƙa suka raɗa mata. Kafin ka gan ta kana jin rurinta. Ruwan yakan yi sumul, kore shar, ya ja jirgi a hankali kamar mai lallashi, sa'annan hancin jirgin ya sunkuya, ka ga rami a gabanka da bangon farin kumfa a bayansa. A ta biyar, gangarar ta yi tsawon da na ji cikina ya rage a sama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mai tuƙi ya fi mai ƙanƙame igiya zama daram, domin filafilin da ka soka cikin ruwa shi ne ƙafarka ta uku. Ta tara kuwa, wadda laƙabinta ke nufin kashe kasuwar kai, ba mu shige ta ba: muka fita muka zagaya bisa duwatsu, aka saki jirgin shi kaɗai. Da na ga yadda ruwan ya naɗe shi kamar tabarma, ban ji wani ya yi gardama ba.

A ta 18 muka kife. Raƙuman ruwa uku ne a jere, na ukun shi ne mai kayar da jirage. Ban ga yadda aka yi ba. Na dai tsinci kaina cikin duhu mai sanyi da ƙara, ban san sama ba ban san ƙasa ba. An ce daƙiƙa kaɗan ne. Ni dai na samu lokacin yin salati har sau biyu kafin rigar ta cillo ni sama. Ɗaya daga cikin samarin nan ya miƙo mini wutsiyar jirginsa, ya ja ni zuwa inda ruwa ya kwanta, yana dariya. Ba wanda ya ji ciwo. Tsakanin gangara da gangara akwai wurare masu shiru, inda za ka ga ƙananan kadoji suna shan hantsi, da gaggafa tana shawagi a bakin dutse.

Wahalar da ba a faɗa maka a takardar talla ita ce fita. Bayan tafiyar da ta wuce kilometir 20, sai ka hau bangon kwazazzabon da ƙafarka, wajen metir 200, cikin zafin Oktoba. Ina tsaye ina haki, wasu mutanen ƙauyukan kusa suka wuce ni da sauri, sun naɗe jirgin sun ɗauko shi a ka, wasu ba ko takalmin kirki. A ganina su ne ƙashin bayan wannan kasuwa, su ne kuma masu ƙaramin rabo cikinta. Da yawansu suna rataye da ɗan sassaƙen Nyami Nyami, macijin ruwan da kabilar Tonga ke girmamawa, suna kuma sayar da shi ga baƙi.

Su Tonga sun san abin da madatsar ruwa ke yi. Lokacin da aka gina ta Kariba, wadda aka gama a 1959, an tayar da mutanensu kimanin 57.000 daga gonakinsu. Zambiya da Zimbabuwe sun daɗe da shirin gina wata cikin kwazazzabon Batoka kansa, mai ƙarfin megawat 2.400, su raba daidai. In ta tabbata, ruwa zai taru ya koma baya, ya shanye da yawa daga cikin gangarorin da muka ratsa, aikin matuƙa da ƴan dako ya ragu tare da su. Amma fa wanda ya zauna cikin duhu ba zai yi saurin zagin masu shirin ba: a farin 2024 tafkin Kariba ya ja baya har gidaje a Zambiya suka riƙa kwana da yini ba wutar lantarki sai ta ƴan sa'o'i. Na tambayi matuƙinmu ra'ayinsa. Ya ce a gidansu ma ana ɗauke wuta, kuma da wannan filafili yake biya wa ƙannensa kuɗin makaranta.

Mai niyyar zuwa ya nufi tsakanin Agusta da Disamba, lokacin da ruwa ya ja baya, gangarorin farko suka buɗe. In kogin ya cika bayan damina, daga tsakiya ake farawa, wani lokaci ma a dakatar da tafiyar gaba ɗaya sai ruwa ya sauka.