Akwatin Tarkacena

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinmu a masaukin ɗalibai ya san akwatin nan na kwano da ke ƙarƙashin gadona. Tsohon akwati ne kore, irin wanda ake kai yara makarantar kwana da shi, murfinsa ya lotsa, kwaɗon da ke jikinsa ma ya fi shi tsada. Abokan kwanana sun daɗe suna zaton gari da ƙuli-ƙuli nake ɓoyewa a ciki, har ran da na buɗe shi a gabansu. Da suka leƙa sai suka kwashe da dariya, ɗayansu ya tuɓe hula ya zube ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Tarkace!" Tun daga ran nan sunan ya bi ni. To, tun da an naɗa ni ba tare da na nema ba, na ga ya kamata in fito in yi wa talakawana jawabi, in gaya musu abin da ke cikin baitulmalin, da dalilin da ya sa na fi shekara goma sha biyar ina jan sa duk inda na sa ƙafa.

Ni mutumin Gummi ne. Mahaifiyata 'yar ƙasar Bukkuyum ce, mahaifina kuwa ɗan tireda ne da ya daɗe yana cin kasuwar Anka. Saboda haka duk abin da ke cikin akwatin nan daga ɗayan wuraren nan uku ya fito.

Kakata ce ta fara sa ni a wannan hanya, Allah ya jiƙanta. Wata rana ina ɗan shekara takwas ta zazzage adudunta tana neman allura, sai wani ɗan farin ƙarfe mai huda a tsakiya ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Na ɗauka ina jujjuya shi. Ta dube ni ta ce, "Amshi, maigidana, ga kuɗin cehwane. Wanga shi aka ce ma anini. Ka riƙe shi da kyau, ba a sake yin irinai." Shi ne abu na farko da ya shiga akwatin. Daga baya na sami labarinsa: Turawan mulki ne suka kawo shi a farkon ƙarni na 20, guda 10 ke yin kwabo ɗaya, kwabo 12 sule, sule 20 kuma fam guda. Saboda hudar nan mutane kan zura su a zare su ɗaura, don kada su zube. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, amma har yau idan aljihun ɗalibi ya bushe sai ka ji ya ce ba shi da ko anini. Ina so in tambayi 'yan'uwana ɗalibai, mu nawa ne a cikinmu muka taɓa ganin abin da muke rantsuwar ba mu da shi?

Kusa da aninin akwai wuri guda bakwai da na ciro daga jikin wani tsohon faifan mahaifiyata. Ka san dai kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Mafi yawan wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya taso, ya sha hannu kafin ya iso ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon buɗe ido, watau Barth, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya ta azurfa. Ke nan bakwai ɗin nan nawa ko a wancan zamani ba su isa a yi taƙama da su ba, amma sun fi ni yawon duniya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata sakaina mai zanen sassaƙa, da ɗinkin gyartai a gefenta, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran yaro. Muna yara gyartai kan bi gidajen Gummi yana cigiya, mata su fito masa da fasassun ƙore ya ɗinke su har su sake riƙe nono. Da roba da silba suka cika kasuwa sai sana'ar ta ja baya, ni kam rabona da ganin gyartai har na manta. Sai wani tsingaro da na tsinta a bayan garin Anka ran da na fara raka mahaifina kasuwa. A ran nan ne na tambaye shi abin da ya sa ake ce wa sarkin Anka Sarkin Zamfara. Ya ba ni labarin yadda Gobirawa, a ƙarƙashin sarkinsu Babari, suka ci Birnin Zamfara wajen 1762, da yadda gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ya zauna a Anka. Darasin tarihi na farko da na samu ke nan, a kan buhun gishiri, tun kafin in san ana karanta tarihi a jami'a.

Ya kai mai karatu, in da abin da ke cikin akwatin ke nan da ban ɓata maka lokaci ba. Saura abu biyu, kuma hannu ɗaya ne ya ba ni su.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna, a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. Ya girme ni ƙwarai, don har ya yi aure ina firamare. Allah ya yi masa hannu: in ka ba shi karan dawa da wuƙa sai ya ƙera maka mota har da ƙofa mai buɗewa da tayoyin sakaina. Ya yi mini guda, tana nan, ko da yake taya ɗaya ta ɓace. A ranin 2009 ya zo Gummi da sabon babur, ya kira ni gefe ya sa mini wani dutse a tafin hannu. Girmansa bai wuce ƙwan zabo ba, launinsa toka-toka, ga nauyi kamar ƙarfe, in rana ta haska shi sai ya yi ta walƙiya. Ya ce, "Ungo yaro, aje wanga cikin akwatinka. Arzikin ƙasarmu na, Allah ya hiddo muna shi."

A lokacin farashin zinariya ya tashi a duniya, har oza ɗaya ta kai dalar Amurka 1,000, manoma da yawa a ƙasar Anka da Bukkuyum suka jingine fartanya suka shiga rami. Dutsen da aka haƙo gida ake kawo shi. Maza su farfasa da guduma, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, sa'an nan a wanke a zuba zaiba ta kama zinariyar. Ƙurar kuwa ta bi tsakar gida ta lafe, a nan inda ake shanya tsaba, a nan inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma, dangin wanda ake niƙawa a yi tozali. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Sai yara suka shiga amai da ciwon ciki da shiɗewa, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, watau MSF, ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan, aka auna jini aka tabbatar gubar dalma ce. Sunayen 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega suka shiga gidajen rediyon duniya. Yara fiye da 400 suka rasu. Aka buɗe wuraren ba da magani a Anka da Bukkuyum, aka bi gida gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aikin ya kai gare ta. 'Yar taubashina ta fari, mai shekara biyu, takwarar mahaifiyata, tana cikin waɗanda ba su kai ga maganin ba. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Da muka dawo daga ta'aziyya mahaifina ya kira ni ya ce, "Dutsen nan da aka ba ka, je ka jefa shi a masai yanzun nan." Na ce to, Baba. Na zaga na dawo na ce na jefa. Ƙarya na yi. Na sa shi cikin wata kwalbar man shafawa, na murɗe murfin, na naɗe da leda na tura can ƙarƙashin akwati. A lokacin rowar ƙuruciya ce kurum ta hana ni rabuwa da shi. Amma na yi watanni ba na barcin kirki, domin na sha ba ƙanwata dutsen nan ta yi wasa da shi, duk ran da ta yi atishawa sai gabana ya faɗi. Allah ya tsare, tana nan lafiya. Wani malamin kimiyya da na nuna wa kwalbar a nan jami'a ya ce mini babban haɗarin a ƙurarsa yake, kada in kuskura in fasa shi ko in bar shi kusa da yara. Ban sake buɗe ta ba. Mahaifina kuwa bai san wannan magana ba, sai in wani ya karanta masa mujallar nan. Baba, a gafarce ni.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan dalma sai ga 'yan bindiga. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda tashin hankali, ba ta ɗage hanin ba sai a Disamba 2024. A tsakanin nan ne mutanen ƙauyen kawuna suka watse cikin dare, kowa da abin da ke jikinsa. Taubashina ya ƙare a Anka yana dako a kasuwa. Da na ziyarce shi na nuna masa hoton motar nan ta kara, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ashe tana nan? To kai kaɗai ag da wani abu na gidanmu." Tun daga ran nan na daina jin kunyar akwatina. Motar da dutsen su ne suka rage daga gidan da aka haifi mahaifiyata, ɗaya na tuna mini gwanintar hannun mutumin, ɗayan kuma na tuna mini ɗiyarsa.

Wanda ya naɗa ni sarautar nan shi ma yana da nasa akwatin, sai dai a cikin waya yake. Ya tara hotuna da bidiyo na abubuwan al'ajabi daga intanet sun fi a ƙirga: masu naɗe takarda na Japan, masu tara kan sarki, masu zane da yashi. Nakan kalla tare da shi, ina kuma jin daɗinsu. Amma ran nan na ce ya nuna mini abu guda daga ƙauyensu, ya yi ta dannawa har ya gaji bai samu ba. Alhali kuwa manyan gidajen tarihi da tarkace suka fara. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan an kafa shi a 1753 da kayan da wani likita, Hans Sloane, ya yi ta tarawa shi kaɗai, wajen guda 71,000. A nan gida ma, wani kan mutum na yumɓu irin na Nok, wanda masu haƙar kuza suka tono, sai da ya yi zaman mutum-mutumi yana korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Don haka ina roƙon 'yan wannan ƙungiya tamu, mu da muke taƙama da nazarin harshe da adabi da al'ada, in mun je hutu kowa ya leƙa adudun kakarsa tun tana da rai. Abin da ka samu, ko mazari ne ko tsohon ludayi, ka nemi izini ka adana, ka ɗaura masa 'yar takarda: sunansa da bakin mutanen garin, wanda ya yi shi, da abin da ake yi da shi. Ni na yi sakaci da wannan, har Kaka ta rasu ban tambaye ta sunan zanen da ke jikin sakainar nan ba, yanzu kuwa ba wanda zan tambaya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai an sami wanda ya ajiye ta.

Mai son ganin baitulmalin ya zo ɗakinmu bayan la'asar, ƙofar fada a buɗe take. Kowane abu ana iya taɓawa, ban da kwalbar nan. Allah ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.