Ƙanƙarar da ke cin firji

A Deule, cikin gundumar Buza, firji jari ne. Da shi mace ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, musamman da azumi. Shi ya sa nakan damu idan na ga gidan ƙanƙarar ya toshe da farin dunƙule har ƙofa ta ƙi rufuwa.

Galibi laifin na robar bakin ƙofa ne. Zafi da ƙurar hunturu sukan busar da ita ta tsage, iska mai laima ta shiga, ta daskare a jikin bango. Da damina abin ya fi tsanani. Don gwada robar, a maƙala takarda a rufe ƙofar. In ta zare ba wuya, robar ta saki. Yawan buɗewa da sa kunu da zafinsa suna ƙara ta'azzara taruwar ƙanƙarar. Injin sai ya yi ta aiki ba hutu, batirin sola ya ƙare kafin asuba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fasa ƙanƙarar da wuƙa. Bututun gas yana kwance a bayan ƙanƙarar, kuma huda ɗaya ta isa a ɗauki firjin zuwa Madawa neman mai gyara. Gara a kashe shi, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki, a jira ƙanƙarar ta narke da kanta.