Iyakar Amurka ba a Amurka kaɗai take ba

Tun da ofishin jakadancin Amurka ya sanar cewa daga 8 ga Yulin 2025 yawancin bizar da za a riƙa bai wa 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya ce, kuma wata uku kacal take aiki, hirar tafiya ta canza salo a wurin aikinmu. Da can mutum ya samu bizar shekara biyu ko biyar, ya jefa fasfo a durowa sai ya shirya. Bayan sanarwar kuwa daga ranar da aka buga maka ita lokaci ya fara tafiya, sai kowa ya bazama neman tikiti mai rangwame cikin gaggawa. To a nan ne nake ganin mutanenmu suna faɗawa wani rami da ba a cika maganarsa ba. Shi ya sa na ce bari in yi dogon rubutu yau. Wanda ba ya son karatu ya yi haƙuri.

Yawancinmu mun ɗauka sai jirgi ya sauka a Amurka ne za ka tsaya gaban jami'in shige da fice ya yi maka tambayoyi. A mafi yawan hanyoyi haka ne. Amma akwai filayen jirage goma sha wani abu a ƙasashe 6 inda Amurka ta ɗauko jami'anta na kwastam da tsaron iyaka, wato hukumar CBP, ta zaunar da su a ƙasar wasu. A can za a tantance ka tun kafin ka hau jirgin da zai kai ka Amurka. Za ka ga allo an rubuta US Preclearance. Mafi yawan wuraren a Kanada suke, kuma a Toronto aka fara tsarin tun 1952. Sai Dublin da Shannon a ƙasar Ayilan, sai Abu Dabi da aka buɗe a Janairun 2014, sai tsibiran Bahamas da Bamuda da Aruba. A 2019 kaɗai mutum miliyan 22 aka tantance ta wannan hanya. A duk faɗin Afirka babu ko ɗaya.

Ni a Abu Dabi na gamu da shi, a 2019, lokacin da zan je wani taron ƙara wa juna sani a Washinton. Daga Legas muka tashi, kuma tazarar da ke tsakanin jiragena biyu doguwa ce, har na gaji da zama. Da lokaci ya matso sai aka sake sa mu a layin binciken kaya, a cire takalmi, a fito da kwamfuta, duk da cewa an riga an bincike mu a baya. Daga nan muka shiga wani zaure, ga tutar Amurka, ga jami'ai cikin kayan sarki, sai ka rantse a wata ƙasa kake alhali ƙafarka na kan ƙasar Larabawa. Aka ɗauki hotona da zanen yatsu. Jami'in ya tambaye ni me zan je yi, kwana nawa, wa ya biya kuɗin tafiyar, a ina zan sauka. Ya juyo mini da fuskar na'urarsa, sai ga hoton akwatina da na rabu da shi tun a Legas, ya ce naka ne? Na ce nawa ne. Akwai abinci a ciki? Na lissafa masa. Duka-duka bai fi minti biyar ba. Amma layin da ya kai ni gabansa ya ci kusan awa guda, kuma wani bawan Allah da ke gabana an wuce da shi ɗaki na biyu don ƙarin tambayoyi, har aka rufe ƙofar jirgi ban sake ganinsa ba.

Daɗin abin sai a can ƙarshe ka ji shi. Bayan kusan awa 14 a sama, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ja, muka sauka kamar fasinjojin cikin gida. Babu layi, babu tambaya. Na ɗauki akwatina na fito kamar wanda ya sauka Kano daga Abuja. Duk wanda ya taɓa tsayawa awa biyu a layin baƙi bayan doguwar tafiya ya san darajar wannan. Kuma idan kana da wani jirgin a cikin Amurka, ba sai ka ɗauki kayanka ka sake miƙawa ba kamar yadda ake yi a sauran hanyoyi, kayan za su bi ka har inda za ka.

To amma fa layin nan bai ɓace ba, matsar da shi aka yi. An ɗauke shi daga ƙarshen tafiya an kawo shi tsakiya, daidai wurin da kake da jirgi na jiran tashi. Idan a Amurka aka tsayar da kai awa biyu, ka dai gaji, amma ka riga ka iso. Idan a Dublin ko Abu Dabi ne, jirgi ba ya jiran kowa. Za a sauke akwatinka ya tafi ya bar ka. Ga shi kuma ana rufe shiga wannan sashe tun da sauran lokaci kafin tashi. Saboda haka tazarar awa ɗaya da rabi da kake gani a tikiti, a gaskiya ba awa ɗaya da rabi ba ce. Cire lokacin saukowa daga jirgin farko, cire tafiyar ƙafa a cikin filin, cire binciken kaya, ka ga abin da ya rage. Wannan ma idan jirgin farko bai makara ba ke nan.

Kwamfutar da ke haɗa tikiti ba ta san launin fasfonka ba. Ita lissafinta na matsakaicin fasinja ne, wanda galibi Bature ne da ba ya ma buƙatar biza, aka yi masa tambaya biyu ya wuce. Kai mai koren fasfo, wataƙila karon farko ke nan da za ka shiga, wataƙila sunanka ya yi kama da na wasu dubbai, dole ka yi wa kanka lissafi daban. Ni dai ra'ayina, in dai hanyar tana da wannan tantancewa, kada ka karɓi ƙasa da awa 3. Ka samu 4 ya fi. Zaman filin jirgi ba ya kisa.

Akwai kuma abin da ya faru da ɗan wata abokiyar aikina, wanda shi ne ma ya fi tunzura ni. Yaron ya samu gurbin digiri na biyu, ya sha wahalar ganawa a ofishin jakadanci, Allah Ya taimake shi aka ba shi biza. Wani mai sayar da tikiti ya samo musu hanya mai sauƙin kusan dala 300: daga Abuja zuwa wani birni a Turai, daga can zuwa Dublin, sannan Boston. Har yana yi musu kirari wai yaro zai gama da shige da fice tun a hanya, ya sauka kamar ɗan gida. Abin da bai gaya musu ba shi ne Ayilan tana cikin ƙasashen da ɗan Najeriya ke buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Ba ta cikin yankin Shengen, dokarta daban ce. A Faransa ko Jamus bizarka ta Amurka tana ɗauke maka bizar wucewa, haka ma a Ingila idan ba za ka fita daga filin ba. Ayilan ba haka take ba. A teburin auna kaya a Abuja aka ce masa ba zai hau ba, uwarsa na tsaye a waje tana jiran ya ɗago mata hannu. Tikitin kuma irin wanda ba a mayar da kuɗinsa ne. Sai da ta ci bashi a ƙungiyar adashinmu ta ofis aka sayi wani kusan ninki biyu, don makaranta ta sa ranar da dole ya bayyana. Har yau ana cire mata a albashi. Da na duba tsohon tikitin kuma, tazarar Dublin ɗin awa ɗaya da minti 25 ce. Ko da yana da bizar, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kaya.

Wani abin lura: tikiti ɗaya ya bambanta da tikiti biyu da aka liƙa. Idan duk tafiyar a kan lamba ɗaya take, ka rasa jirgi saboda na farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani. Idan kuwa daban-daban aka saya don a rage kuɗi, asarar taka ce kai kaɗai. Ka tambayi mai sayar maka, ka sa ya nuna maka a rubuce.

Sai maganar tsaraba, wadda na san nan ne za mu yi faɗa da wasu. Kwastam ɗin ma a can tsakiyar hanya ake yin sa. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, komai kyan naɗinsu. Kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, duk abin da ka ɗauko ka faɗa da bakinka, su za su ce wannan ya wuce wannan bai wuce ba. Wanda ya faɗa, iyaka a karɓe a zubar. Wanda ya ɓoye aka gano, ga tara, ga ɓata lokaci, jirgi kuma na ɗumama inji. Kuɗi ma idan sun haura dala 10,000 dole ka bayyana. Ba laifi ba ne ɗaukarsu, ɓoyewar ce laifi. Sannan ka yi sallarka ka ci abincinka kafin ka shiga, domin da zarar an tantance ka, wurin a killace yake, ba a komawa baya sai da dalili.

Mu kuma tuna biza ba izinin shiga ba ce. Izini ne na ka zo bakin ƙofa ka yi sallama, jami'in da ke ƙofar shi ke da ta cewa. Idan ya ce a'a a Abu Dabi ko Dublin, ba ka sha wahalar tsallaka teku a banza ba, ba a kuma tsare ka a Amurka ana jiran jirgin mayar da kai ba. Wannan sauƙi ne. Amma kana tsaye a ƙasa ta uku, hukumomin wurin ne za a miƙa wa lamarinka, kuma a tsarin da aka kawo a 2025 sake neman biza ya kasance yana nufin sabuwar dala 185 da sabon jiran ranar ganawa.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, abin da ya fi ba ni tunani shi ne yadda aka tsara cinikin. Ƙasa ta yarda jami'an wata ƙasa su zauna a filin jirginta suna yanke hukuncin wa zai hau wa ba zai hau ba. Har ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta ɗauki nauyin kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin gudanar da na Abu Dabi. Lokacin da aka buɗe shi, ƙungiyar matuƙa jirage da kamfanonin Amurka sun yi ta ƙorafi, suna cewa Etihad kawai aka yi wa gata tunda babu jirgin Amurka da ke zuwa can. Larabawan sun san abin da suke saya: fasinja zai zaɓi hanyarsu saboda sauƙin sauka. Amurka kuma ta samu damar tsayar da wanda ba ta so tun yana nesa da ita da dubban kilomita. Kowa ya ci ribarsa.

Kuma ba Amurka kaɗai ke yi ba. Saudiyya na da irinsa ga alhazai, shirin da ake kira Hanyar Makka. Jami'anta ne ke zuwa ƙasar maniyyata su ɗauki zanen yatsu su buga fasfo tun a gida, a yi wa kaya alama, alhaji ya sauka Jidda ko Madina ya wuce mota kai tsaye, akwatinsa ya same shi a masauki. Malesiya da Indonesiya da Pakistan da Bangaladash da Turkiyya da Maroko duk suna ciki. Kwaddibuwa ma da ke nan kusa da mu tana ciki. Mu da aka ware wa kujeru 95,000 a Hajjin 2024, har zuwa Hajjin 2025 ba mu shiga ba. Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa aikin Hajji, ya ga yadda take zaune a ƙasa a filin jirgi tana jiran layi bayan tafiyar dare, ya san wace tantancewa ce ta fi damun talakanmu. Filin jirgin Malam Aminu Kano ya kwashe shekaru yana jigilar alhazai, wurin da za a ajiye tebura goma na jami'an Saudiyya ba zai gagara ba.