Tocilar Cikin Jaka da Abin da Batirinta Ke So

Ku matso kusa, ƙawayena, yau hirarmu ta tocila ce, 'yar ƙaramar nan da ke kwance a ƙasan jaka tare da makulli da kwalbar turare da canjin mai adaidaita. Duk mun san daɗinta, an ɗauke wuta ana tsakiyar tuƙa tuwo, yara sun sa ihu, ki lalubo ta ki danna, sai ki ji hankalinki ya dawo jikinki. Mun kuma san ranar da za ki danna ta yi wani ja-ja-ja ta lumshe, alhali jiya ta kwana a caji. Wayyo, ke dai bari!

Akwai wata shawara da muka gada, kowa na faɗa wa kowa: wai a bar batir ya mutu murus kafin a sa masa caji, don kada ya saba da ɗan kaɗan. Maganar tana da asali, ta samo tushe ne daga batiran nikel da kadmiyam na zamanin baya. To amma irin batiran da ke cikin tocilolinmu na yau, wannan shawarar cutar da su take yi. Kuma ga inda abin yake da ban dariya, iri biyu ne a kasuwa, kowanne da halinsa, mu kuwa mun haɗa su muna yi musu tarbiyya ɗaya, hahaha.

Tocila ta farko ita ce ta roba, mai 'yan ƙafafu biyu da ake zarowa a soka a bango kai tsaye. Galibinsu batirin dalma ne a ciki, ƙanin batirin mota, mai volt 4. Wannan ba abin da ya tsana kamar zama babu caji. In ya ƙare aka wurga shi cikin durowa sati biyu, wata guda, sai wani abu mai kamar gishiri ya daskare a jikin farantan dalmar, daga nan ko kin sa cajin ba ya ɗauka yadda ya saba. Shi ya sa wadda aka ajiye “sai ranar buƙata” take riga wadda ake amfani da ita kullum mutuwa. Da kin yi aiki da ita, ki mayar mata da abin da ta ci da zarar an kawo wuta. Sai dai ki tuna ki cire ta, Hajiyata, don da yawansu ba su da abin da ke tsayar da caji in sun cika. Jan hasken nan da ke jikinta yana nuna akwai wuta ne kawai. A bar ta kwana biyu a soket, ruwan cikin batirin ya ƙafe, shi ke nan. Ki duba awannin da aka rubuta a kwalinta, in dai yara ba su riga sun mayar da kwalin mota ba, kai!

Ta biyun kuwa, 'yar gayun nan ta ƙarfe da ake caji da wayar USB kamar ta salula, batirin litiyam ne da ita, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. In kin kwance gindinta, sau da yawa za ki ga an rubuta 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Yana cika a volt 4.2, kuma a bisa al'ada yakan yi zagaye 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kusan kashi 80 cikin 100. Abin da ya fi faranta min rai shi ne yadda ake ƙirga zagayen. Ba yawan sokawa ake lissafawa ba. Ki ci rabi yau ki cika, ki ci rabi gobe ki cika, zagaye ɗaya ke nan gaba ɗaya. Don haka ɗan ƙarin cajin nan na minti ashirin kafin a sake ɗauke wuta ba ya rage masa komai, ya ma fi son haka. Halinsa irin na cikin ɗan Adam ne, ba ya son yunwar da za ta kai shi ƙasa, ba ya kuma son a cika shi har wuya a bar shi zaune.

Na san abin da za ku ce, ina jin ku. Masana na cewa a tsaya tsakanin kashi 20 da 80, to mu da ba mu san yaushe NEPA za ta waiwayo mu ba, wa zai ga wuta ya cire caji a 80? Ni dai a ganina mu cika abinmu hankali kwance, tunda daren nan za mu yi aiki da ita. Abin da ke tsufar da batirin litiyam shi ne ya daɗe a cike fal ba a taɓa shi ba, musamman cikin zafi. In za ki ajiye mai litiyam ɗin wata da watanni, ki bar ta a wajen rabi, ki riƙa leƙa ta jefi-jefi. In ta ƙarfe ce mai murɗawa, ki ɗan sassauta murfin gindin, don wasu suna shan caji a hankali ko a kashe suke, sannan ba za ta kunna kanta cikin jaka ta yi ta haska wa hoda da jan-baki hanya ba, hahaha.

Zafi kuwa, 'yan uwa, nan ne nake so mu nutsu. A watan Maris da Afrilu, Sakkwato da Kano da Maiduguri kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Kada a bar tocila a gaban gilashin mota ko bakin taga, kada a sa ta caji ƙarƙashin filo ko kan katifa. In kin ga batirin ya kumbura, ko rigarsa ta yage, ko yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a rabu da shi, kuma kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta, fashewa yake. Wadda ke yawo da batirin ko-ta-kwana ta sa shi cikin ɗan akwatinsa na roba, don in makulli ya haɗa kan batirin da jikinsa zai iya kamawa da wuta a cikin jakar. Allah ya tsare mu da iyalanmu.

Sai maganar masu rubutun cika baki. Ki ga batir 18650 an zana masa 9900 mAh da manyan haruffa, ga araha, har zuciya ta fara rawa. Na gaskiyar, irin na Panasonic da Samsung da LG, ba sa wuce wajen 3500 da wani abin kirki, nauyinsu kuma kusan giram 45 ne zuwa sama kaɗan. Ki ɗora shi a tafin hannu, in kin ji shi sakayau, ki yi wa mai shago murmushi ki ajiye masa kayansa.

Kuma don Allah, in tocilar na da babban haske da ƙarami, mu riƙa amfani da ƙaramin. Neman takalmi a ƙofar ɗaki ko raka yaro bayan gida ba ya buƙatar hasken da zai kai bakin titi. Babban hasken yana zuƙe batir da sauri, yana kuma ɗumama tocilar, ƙaramin kuwa sai ya kai ki dare da yawa kafin ya nemi caji. Saura kuma mu san inda za mu ɓoye ta daga 'yan autanmu, masu shiga ƙarƙashin gado da rana tsaka su kunna ta su manta, sai magariba ta yi ki tambaya, kowa ya zaro ido ya ce ba shi ba ne. Ohh ni 'yasu, hahaha!